Littafi na Takwas

Ni Tamae, ƙarfe huɗu na asuba nake kunna wuta,
shekara talatin da biyu ke nan a wannan lungu na Takayama.
Waken suya ya kwana a ruwa, ruwan ya kwana da ƙanƙara.
Awara na sani.
Yatsana ya san lokacin da madara za ta kama jiki.
Alƙalami kuwa na Genzo ne,
Genzo kuma tun kaka yake kwance ƙarƙashin dutse.

Fabrairu ta zo da ambulan daga ofishin haraji.
Na kifa shi, na ɗora kofin shayi a kansa
kwana tara.
Amma sha biyar ga Maris ba ta san takaba ba,
tafe take, ko an yi mata shimfiɗa ko ba a yi ba.

Sai na taka kujera na sauko da gwangwanin biskit.
Rasit ɗaure da roba, wata-wata,
littattafai bakwai na shekara bakwai,
rubutu ƙanana kamar tururuwa sun kama hanya.
Buhun wake talatin. Gas. Kuɗin ruwa.
Facin tayar babur ɗin kai saƙo.
Har lantarki ya tsaga shi biyu:
kashi shida na shago,
huɗu na ɗakin sama inda muke kwana.

Na sha yi masa dariya.
Kai dai, mutumin da ke auna hasken fitila da cokali!
Sai ya gyara tabarau ya ce,
Tamae, aljihun gida daban, aljihun shago daban.
Ranar da suka zama ɗaya
ba za ki san ko riba kike ci ko jari ba.

A ƙasan gwangwani, wani ambulan mai nauyi.
Ashe kowace Asabar yana zare wani abu daga ciniki,
ya rubuta a baya: Na hukuma, kada a taɓa.
Da sanyin safiya yake kama fararsa,
ni ina can ina barci.

Na naɗe komai a gyale na tafi ofis.
Yaron da ya karɓe ni, Hirotsu, sa'an jikana ne.
Ya nuna injin niƙa da bakin biro:
an raba kuɗinsa shekara goma, in ji shi,
bakwai sun tafi, saura uku.
A takarda ƙarfe yana tsufa kaɗan-kaɗan.
Na ce a raina, mai shi bai samu wannan rangwamen ba,
rana ɗaya aka cire shi gaba ɗaya.

Can ya tsaya a wani layi.
Tara ga Afrilu, furanni, yen dubu biyu,
an ja masa jan layi.
Ya buɗe na bara, ga shi. Na bara waccan, ga shi.
A gefe: Ba na shago ba.
Ya ce, Baba, in a kan kanta aka ajiye su don masu saye,
ai da sun shiga kuɗin hidima.
A kan kanta suke, na ce masa,
kusa da sikeli, har su bushe.
Ban gaya masa ranar me ce tara ga Afrilu ba.
Ya jira. Ya buga hatimi.

Daren nan na sayi littafi na takwas.
Rubutuna manya ne, suna ƙetare layi.
Awara ɗari da arba'in,
an sayar da ɗari da talatin da ɗaya,
tara na kai wa maƙwabciya Orie da jikokinta.
Gishirin daskarar da madara, kwalba ɗaya, ga rasit.
Na zare na hukuma na sa a ambulan.
Turaren da zan kai kabari gobe, yen ɗari uku.
Na nemo jan biro a aljihun rigarsa.
Har yanzu yana rubutu.